Maharbi Mai Mataki na Sha Bakwai

Saura mako shida a saki wasan a intanet, sai Alhaji Ɗangoggo ya tuna bai taɓa ganinsa ba. Wata goma sha ɗaya ke nan yana hawa benen nan na Utako, saman shagon masu sayar da tayil, ya shiga ofishinsa, ya kunna sanyi, ya buɗe jarida. Duk wanda ya tambaye shi abin da kamfaninsa ke yi, sai ya ce, "Harkar fasaha." Shekara talatin da biyar ya yi a wata ma'aikata kafin ya yi ritaya yana darakta, kuma a can ya koyi cewa babba ba ya duba aiki sai ya kusa ƙarewa, lokacin da gyara zai fi ciwo.

Bilqis ce ta gina wasan. Shekarunta ashirin da bakwai, ta karanta kwamfuta, kuma tana da wani hali da ba a so a Abuja: in aka ce taro ƙarfe tara, ƙarfe tara take zuwa. Ranar Litinin ta haɗa majigi a ɗakin taro, Alhaji ya zauna a tsakiya. A damansa Godfrey ne, tsohon jami'in mulki da ya biyo shi daga ma'aikata da fayil a hammata. A hagunsa Hanif ne, ɗan ƙanwarsa, wanda ya zana duk hotunan wasan.

"Ranka ya daɗe, sunan wasan Birnin Kirgi," in ji Bilqis. "Mutum zai shiga da wayarsa ya tarar da sauran masu wasa a birni ɗaya. A bayan ganuwa akwai daji, a cikin dajin akwai Dodo. Lokaci lokaci Dodon zai fito, in mutanen birni ba su shirya ba ya rushe musu gari. Abu na farko da mai wasa zai yi shi ne ya zaɓi sana'a. Guda huɗu ne."

Ta haska su a bango. Maharbi da danƙonsa na harbin tsuntsu. Ɗan Tauri da warkinsa. Maƙeri a gaban zuga-zugi. Mai Magani da burgamin sassaƙe.

"Kowa daga ƙasa yake farawa. Maharbi ba zai riƙe baka ba sai ya iya samun gafiya da danƙo. In ya ƙware a baka sai a ba shi kibiya mai dafi, can sama kuma ya samu layar zana. Ɗan Tauri a farkonsa reza ma yanka shi take yi. Da yawan shan sara jikinsa ke tauri, har a kai inda takobi zai lanƙwashe a wuyansa. Maƙeri da allura zai fara, Mai Magani da ciwon ciki. Wannan shi nake kira tsani. Abin da ka yi da hannunka shi ke ɗaga ka."

Alhaji ya cire tabarau ya goge shi da bakin babbar riga.

"Injiniya, tsaya. Wanda ya shiga yau, zai iya wuce wanda ya shiga bara?"

"In ya fi shi ƙoƙari, ƙwarai kuwa."

"Godfrey, ka ji?"

"Na ji, Oga. Babu siniya, babu juniya."

"Babu siniya, babu juniya," Alhaji ya maimaita, kamar wanda aka yi wa albishir da annoba. "'Yata, a wace ƙasa kika ga haka? Yaro ya shigo jiya, ya harbi gafiya ɗari biyu, gobe ya hau kan wanda ya riga shi zuwa? Ai wannan koyar da rashin kunya ne. Iyaye za su zage mu."

"Ranka ya daɗe, duk wasannin duniya irin wannan haka suke."

"Shi ya sa duniyar ta lalace. Godfrey, ka duba mana wannan tsanin."

Godfrey ya rubuta a fayil ɗinsa, ya ja layi biyu a ƙasa.

Ranar Laraba ya ajiye mata takarda mai shafi ashirin da biyu a kan teburi, an buga hatimi a kowane shafi. Bilqis ta karanta a tsaye. Sana'o'i huɗu suna nan, amma an jera su a kan mataki goma sha bakwai. Mai wasa zai shiga, ya je gindin bishiyar ƙofar gari, ya sa hannu a rajista, ya zauna. In ya cika shekara uku na cikin wasa yana sa hannu, sai a ƙara masa mataki. Wanda ya riga sa hannu shi ne babba, ko da da ƙiftawar ido ne. Makami yana zuwa da mataki, ko an iya shi ko ba a iya ba. Ba mai fita daji sai ya cika takardar neman izini, manya uku sun sa hannu.

Shafi na sha tara ne ya sa ta zauna. Nan Godfrey ya jera baiwar da kowane mataki ke samu. A mataki na takwas akwai "Ana Duba Lamarin." A na sha biyu akwai "Fayil Ya Ɓata." A na sha biyar mutum zai samu kujera mai juyawa. A na sha bakwai, ƙololuwa, akwai "Dawo Gobe."

Ta ɗauki takardar ta shiga ofishin Alhaji, sallamarta a gajarce.

"Ranka ya daɗe, wannan ba wasa ba ne, sakatariya ce. Wa zai sayi data don ya zo ya zauna a gindin bishiya?"

"Ni na zauna shekara talatin da biyar," in ji Alhaji, ba tare da fushi ba. "Ga ni nan. Kin ga alamar wahala a jikina?"

"To wa zai kashe Dodon?"

"Idan lokaci ya yi, za a duba."

Wata goma sha ɗaya Bilqis ta yi tana auna tsaninta: gafiya nawa kafin baka, sara nawa kafin reza ta daina ci. Ba za ta bari a shafe shi da hatimi ba.

"Ina da roƙo ɗaya. Ranar Asabar muna da gwaji da mutum arba'in. A ba su nawa da safe, a ba su na Malam Godfrey da rana. Wanda suka zaɓa, shi za a saki."

Fuskar Alhaji ta washe. Yana son zaɓe, musamman wanda za a yi a gabansa.

"Madalla. Dimokuraɗiyya ke nan. Amma da sharaɗi: ke za ki gina na Godfrey, kuma ki gina shi tsakani da Allah. Wanda ya faɗi kuma ba ƙorafi."

"Na yarda."

Ta gina shi tsakani da Allah, har ta wuce. Ba ta rage ko layi ɗaya ba daga shafi ashirin da biyun nan, domin ta tabbata duk mai hankali in ya ga abin a aikace zai yi tir. Abu ɗaya kawai ta sauya saboda gwaji: ta mai da shekara ta zama minti biyu, yadda mai haƙuri zai kai ƙololuwa kafin la'asar.

Hanif yana gefenta yana zana kujera mai juyawa. Kwana biyu ya yi a kanta. Ya yi mata fata mai sheƙi, da wurin ɗora hannu, da ɗan lotsawa a inda ake zama.

"Dodon ma ba ka ɓata masa wannan lokacin ba," in ji Bilqis.

"Dodo ban taɓa gani ba. Kujera kuwa na san ta." Ya ɗan karkata kai yana duba aikinsa. "Ke dai kina wahalar da kanki. Kawu ya ce a yi, sai a yi. Ƙasar ce haka."

"Ƙasar ce haka, ƙasar ce haka. Kai da digirinka, wannan kaɗai ka haddace? Wa ya mai da ita haka, aljanu?"

"To Hajiya mai gyaran ƙasa, miƙo min caja."

Ranar Asabar aka jera kujerun roba arba'in a babban ɗaki, fanka biyu na juyawa, janareto na kuka a ƙasa. Masu gwajin sun zo daga ko'ina: ɗalibai, masu shago a kasuwar Utako, ƙananan ma'aikata da suka saba da kiran taro. A layin gaba akwai wani mai suna Thaddeus, akawu a wani ofishin gwamnati, ya sa taye duk da ranar hutu ce. A can baya kusa da taga akwai Kindness, mai gyaran waya daga Karmo, wadda ta zo da wayarta mai fasasshen gilashi da wani ɗan batir ɗaure da kyauro.

Ƙarfe goma aka buɗe tsanin Bilqis. Minti goma ba a yi ba ɗakin ya cika da tsaki.

"Kai! Wannan gafiyar ba ta tsayawa ne?"

"Ni allurata ta karye sau bakwai."

"Wane ne Mai Magani a nan? Ku zo, kunama ta harbe ni!"

"Ni ne, amma ciwon ciki kawai na iya."

Thaddeus ya zaɓi Ɗan Tauri saboda ya ji an ce ƙarfe ba ya cin sa. Ya ɗaga hannu.

"Madam, akwai kuskure. Reza ta yanke ni."

"Ba kuskure ba ne, Malam. Sai ka sha sara da yawa kafin ka yi tauri."

"Sara nawa?"

"Ɗari da ashirin kafin reza ta daina."

Ya dubi wayarsa, ya dube ta, ya sassauta taye.

Kindness kuwa ta duƙufa. Yatsunta biyu na tafiya a kan fasasshen gilashin kamar tana kwance waya. Cikin rabin awa ta bar danƙo ta ɗauki baka. Ta mutu a daji sau tara, tana tashi tana komawa. Can sai aka ji muryarta daga baya.

"Wa ne Maƙeri? Kai mai jan riga, zo ka ƙera min bakin kibiya, ni zan kawo maka ƙarfe daga dutse. Kai kuma likita, bi ni a baya, kar ka tsaya kallo."

"Ke ce shugaba?" in ji mai jan riga.

"Ni ce mai baka. Kai kana da me?"

Aka yi dariya, amma ya bi ta. Da sha biyu ta kusa, Dodo ya fito daga daji, ƙasa na rawa a cikin kowace waya. Mutum tara ne kawai suka isa tsayawa a gabansa. Sauran suka ruga cikin gari suna ihu a kan kujerun roba. Taran nan suka yi ta fama, shida suka faɗi, ganuwa ta tsage, sannan Kindness ta hau kan wani dutse ta saka masa kibiya mai dafi a ido. Dodo ya kife. Ta ajiye waya ta yarfe yatsunta.

"Anti Bilqis, wannan Dodo naka ta iya mugunta. Amma na gane ta, in za ta yi duka sai ta ɗaga kafaɗa."

Bilqis ta ji wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Wata guda ta yi tana gyara wannan ɗaga kafaɗar, ba ta gaya wa kowa ba.

Bayan azahar da shinkafa, aka buɗe tsanin Godfrey. Thaddeus ko karanta bayani bai yi ba. Yana ganin rajista a gindin bishiya hannunsa ya gane ta, ya sa hannu kafin kowa, ya zama babban birni. Wannan karon Maharbi ya zaɓa. Sauran suka bi layi. Kindness ta tsaya karanta baiwar kowane mataki, ta zo ta talatin da takwas.

Daga nan ɗakin ya yi lafiya. Mutane suka ɗora wayoyi a cinya. Wata ta fito da gyaɗa ta rarraba. Samari uku suka koma gardamar ƙwallo. Duk minti biyu sai kowa ya taɓa waya sau ɗaya ya sa hannu, duk minti shida kuma sai wayoyi arba'in su yi ƙara tare, a hau mataki.

"Barka, Oga Thaddeus!"

"Barkanmu dai. Allah ya sanya alheri."

"Ni ma an ba ni baka, ko gafiya ɗaya ban harba ba!"

Alhaji ya fito daga ofis ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana kallonsu da idon uba.

"Ka ga natsuwa, Godfrey? Da safe kamar tasha."

Kindness ta cika takardar neman izinin fita daji tun a mataki na biyu. Takardar ta tsaya wurin manya uku, babu wanda ya duba. Da aka kai mataki na takwas ta miƙe tsaye.

"Oga mai taye! Takardata tana wurinka tun ɗazu."

Thaddeus ya duba wayarsa, ya ga sabon maɓalli, ya danna. A wayar Kindness rubutu ya fito: Ana Duba Lamarin. Ɗakin ya fashe da dariya. A mataki na sha biyu ta sake tambaya, ya sake dannawa: Fayil Ya Ɓata. Wannan karon har da tafi.

"Wallahi kamar gaske," in ji wata mata tana share hawaye. "Haka aka yi wa mijina a kan takardar fili."

Kindness ta yi tsaki, ta kai maharbinta gefen gari, ta haura ganuwa ta faɗa daji. Ta harbi gafiya goma sha huɗu da kura ɗaya. Ba a ƙara mata komai ba. Sai takardar tuhuma ta fito mata a fuskar waya, ana neman ta bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin barin wurin aiki ba izini, aka kuma rage mata mataki biyu.

"Anti Bilqis! Na kashe kura, an rage ni!"

"Shafi na goma sha ɗaya," in ji Godfrey daga inda yake zaune, bai ko ɗago ba.

Kusan ƙarfe huɗu wayoyi suka yi ƙara ta ƙarshe. Mutum talatin da tara a mataki na sha bakwai, kowa a kan kujera mai juyawa a gindin bishiya. Maharba na rataye da bakan zinariya, 'Yan Tauri da warki mai ado, Maƙera da guduma ta azurfa da ba ta taɓa ganin wuta ba. Suna cikin yi wa juna barka ƙasa ta fara rawa.

Dodo ya tako ganuwa kamar zana. Maharba suka ja baka, kibiyoyi suka tashi sama, suka dawo kan Masu Magani. Wani Ɗan Tauri ya fito yana kirari, farcen Dodo ya taɓa shi ya rabe biyu. Masu Magani suka buɗe burgami ba su san wane sassaƙe ne na me ba. Kindness tana can bayan Dodon tana harbi ita kaɗai, tana ihu.

"Ku duba kafaɗa! In ta ɗaga kafaɗa ku kauce!"

Ba wanda ya kauce, domin ba wanda ya san maɓallin kaucewa. Dodo ya iso gindin bishiya ya tsaya a kan Thaddeus. Kowa ya juyo yana kallon majigi. Thaddeus ya gyara taye, ya ɗaga waya yadda kowa zai gani, ya danna babbar baiwarsa. Rubutu ya fito da manyan baƙaƙe a saman kan Dodo: Dawo Gobe.

Dodo ya haɗiye shi har da kujerar.

Minti uku aka yi, Birnin Kirgi ya zama toka. Mutane na dariya har suna riƙe ciki. Bilqis ta harɗe hannu ta jingina da bango. Abin ya faɗi kansa.

"To, zaɓe," in ji Alhaji. "Ba ma son maguɗi. Ƙato bayan ƙato za a yi. Injiniya, tsaya nan. Godfrey, tsaya can. Kowa ya bi bayan wanda yake so. Hanif, kai za ka ƙirga."

Aka ture kujeru. Kindness ta zo ta tsaya bayan Bilqis, mai jan riga ya biyo ta, sai wata ɗaliba mai hijabi da ta yi Mai Magani da safe. Bilqis ta jira ta ji ƙarin takun ƙafa. Ta waiwaya. Layin Godfrey ya miƙe har ya lanƙwasa ya fita baranda.

"Talatin da bakwai," in ji Hanif. Ya juyo wajenta, ya ƙirga da yatsa duk da ba a buƙata. "Uku."

Bilqis ta fito daga layinta ta tsaya a gaban nasu.

"Ku ba ku ga abin da na gani ba ne? An cinye ku! Dukanku! Garin ya ƙone kuna zaune a kan kujera! Da safe da hannunku kuka kashe Dodon nan."

"Su tara suka kashe," wani ya ce daga baya. "Mu gudu muka yi."

Thaddeus ya yi gyaran murya. Shi ne na farko a layi, kamar yadda ya saba.

"Madam, kar ki ji haushi. Naki ya fi kyau, kowa ya sani. Amma ni shekara tara ina mataki na shida a ofis. Na yi jarrabawar ƙarin girma sau uku, na ci sau uku, har yau shiru. Kullum daga Kuchigoro nake fitowa in yi faɗa da kwandasta, in yi faɗa da rana. Sai kuma in dawo gida in buɗe waya a sare ni sau ɗari da ashirin? A na Oga Godfrey, in an ce minti shida, minti shida ne. Tunda nake ban taɓa ganin alkawari ya cika a kan lokaci haka ba."

"Amma Dodo ya haɗiye ka!"

"Ya haɗiye ni ina mataki na sha bakwai."

Layin ya ɗauki tafi. Wata ta ce, "Faɗa mata, Oga."

"To ai abin da ya hana ka mataki shekara tara ke nan!" in ji Bilqis. "Wani ne zaune a kan fayil ɗinka yana danna maka Dawo Gobe. An ba ka wuri ɗaya tak, a cikin waya, inda ba mai iya zama a kan ƙoƙarinka, ka ce a'a, a kawo maka irin na ofis. Kana samun maɓallin kuma, wa ka fara dannawa? Wannan baiwar Allah da ta fi ku duka iya harbi. Ba a zalunce ku ba ne kawai, kun zauna kuna jiran layinku ya zo ku ma ku yi!"

Sai mai gyaɗa ta ce a hankali, "Yarinyar nan akwai zafi." Wasu suka gyaɗa kai cikin tausayi, kamar an faɗi sunan ciwon da ke damunta.

"An yi sharaɗi, 'yata," in ji Alhaji. "Ba ƙorafi. Jama'a sun yi magana." Ya juya ga layin. "Sai dai ni ma na lura da matsala ɗaya a tsarin namu, kuma ba zan ɓoye ba. Wannan Dodon."

"Gaskiya ne, Oga," in ji Godfrey. "Ba ya bin tsari."

"Ba ya bin tsari. Mutane sun yi haƙuri, sun kai ƙololuwa, ya zo ya watsa musu zama. Me jama'a suka gani?"

"A cire shi!" aka amsa daga baranda.

"A cire!"

"To kin ji, Injiniya. Tsanin Godfrey ya tabbata, Dodo kuma a cire. Wata nawa zai ɗauke ki?"

"Minti biyu."

Alhaji ya ɗan ja da baya. "A'a, a'a. Ba a aikin ofis da gaggawa haka. Godfrey zai kafa kwamiti, a ba shi mako uku."

Bilqis ta riga ta isa gaban kwamfutarta. Ba ta zauna ba. Majigi na haska abin da take yi a bango, kowa na gani. Ta buɗe tsaninta, gafiya da baka da kibiya mai dafi, sara ɗari da ashirin, allura, ciwon ciki, aikin wata goma sha ɗaya. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta danna. Ta buɗe Dodo, da kafaɗarsa da farcensa, ta danna. Sannan ta buɗe shafin farko na wasan, inda aka rubuta sunayen waɗanda suka yi shi, ta goge nata.

"Na ukun ba ku roƙa ba," ta ce. "Kyauta ce."

Ta zare cajarta daga bango, ta naɗe, ta saka a jaka, ta ajiye makullin ofis a kan fayil ɗin Godfrey.

"Madam, in ajiye aiki ne, sai a rubuce," in ji Godfrey. "Kwafi uku."

Ta ratsa ta tsakiyar layin, mutane na matsa mata. Kindness ta ɗauki wayarta da batir ɗinta ta bi bayanta, tana wucewa ta dubi Thaddeus sama da ƙasa.

"Oga mai taye, in wayarka ta lalace, kawo Karmo. Zan duba lamarin."

Aka ji takunsu a kan matakala har ya ɓace cikin kukan janareto.

Hanif ya sake kunna wasan. Birnin Kirgi ya dawo a bango, ganuwa lafiya lau, daji shiru, ko ganye ba ya motsi. Masu gwaji suka koma kujerunsu, suka shiga, suka sa hannu a rajista. Maharba da 'Yan Tauri da Maƙera da Masu Magani suka jeru a gindin bishiya. Aka yi minti ɗaya ana kallo. Aka yi biyu. Wani ya yi hamma.

Thaddeus ya juya wayarsa, ya duba gabas da yamma na birnin, sannan ya ɗaga hannu.

"Oga Godfrey, to yanzu me za mu yi a ciki?"

Godfrey ya buɗe fayil, ya bi shafi da yatsa har ƙasa, ya rufe.

"Sai ku jira."